Kajin Goggo: littafin riƙo

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau aka tsai da magana, Goggo za ta bar Argungu. Tun faɗuwar da ta yi a bakin rijiya ƙarshen damina ƙugunta bai koma daidai ba, ga yanar ido ta rufe mata na hagu. Yaya ya zo daga Birnin Kebbi ya ce ba zai ƙara barin mahaifiyarsa ita kaɗai a gidan nan ba, kuma babu wanda ya ga laifinsa. Sai dai inda yake zaune gidan haya ne, tsakar gida duk siminti, kuma tun ranar da mai gidan ya ba shi makulli ya ce ban da kiwo, ko da tantabara ce.

Maganar kaya ba ta ɗauke mu lokaci ba. Gado ɗaya ne, akwati biyu, sai kwanuka. Da aka zo kan kaji Goggo ta yi shiru. Yaya ya ce a kira dillali ya yi musu kuɗi gaba ɗaya a huta, har ya ƙara da cewa ai sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Goggo ta ce, "Ni ban hana yanka ba. Amma ban ce a kwashe su a ɗaure ƙafa a kai kasuwa ba." Daga nan ba ta ƙara ko kalma ba, ta ja mayafinta ta juya fuska bango.

Da magariba na tsaya bakin akurki ina ƙirga masu shiga. Ashirin suka shiga. Ta ashirin da ɗaya, wake-waken nan, tana kwance kan ƙwai tara cikin fasasshiyar tukunya a bayan rumbu. Goggo ta ce ranar Larabar da ta wuce ta kwanta, ke nan in an ƙirga kwana 21, ranar 20 ga wata ake sa ran ƙyanƙyasa. Kajin gida mata goma sha ɗaya ne har da ita, zakaru biyu, sai jajayen nan takwas na gidan gona.

Na roƙi Yaya ya bar mini makullin gidan, ni zan nema musu wurin zama. Riƙo za a ba da su, irin wanda muka tashi muka ga iyayenmu na yi: uwar kaza ta mai ita ce, abin da ta ƙyanƙyashe a raba biyu da mai kiwo. Da Goggo ta ji haka sai ta juyo. Wannan littafi na buɗe shi ne don kada lissafi ya ɓace mini.

Talata, 5 ga Nuwamba

Bayan isha'i muka shiga akurki ni da babban ɗana, shi da tocila, ni da hannu. Kaza da dare ba ta gardama, sai dai ta ɗan yi gurnani ka ɗauke ta kamar ƙunshin kaya. Kowace na taɓa ƙashin ƙirjinta in ji ko ta rame, na ɗaga fiffike, na duba gindin wutsiya da ƙafa. Shida na da ƙwarƙwata, har da ƙwanta manne a gindin gashi kamar garin rogo. Tsohon zakaran kuwa ƙafafunsa sun yi kaushi, ɓawon ya tattashi. Na shafe masa su da man gyaɗa sosai, za a riƙa maimaitawa. Gobe zan zuba toka da yashi a inuwa su yi wanka, in kuma sayo hodar ƙwari a shagon maganin dabbobi. Ba na son in kai wa kowa kaza tare da ƙwarinta.

Jajayen nan su ne suka fi tsaya mini a rai, don na ga zuwansu gidan nan. Bara ne wani gidan gona a bayan gari ke sallamar tsofaffin kajin ƙwai. Haka sana'ar take: kazar tana fara ƙwai tana da kamar mako 18 zuwa 20, ta yi kusan ƙwai 300 a shekararta ta farko, in ta kai wajen shekara ɗaya da rabi ƙwai ya ragu, cinta ya fi abin da take kawowa, sai a sayar da garken gaba ɗaya a zuba sabbi. Yawancinsu tukunya suke nufa. Goggo ta ɗauki kuɗin adashinta ta sayo goma sha biyu.

Ranar da aka sauke su ba su da kyan gani. Wuya a sule, zanko ya koɗe ya kwanta gefe, farata sun yi tsawo don ba su taɓa tonon ƙasa ba, baki a guntule tun suna 'yan tsaki. An ajiye su a tsakar gida sai suka tsaya cak inda aka ajiye su, ba su san ana tafiya ba. Kwana uku suna cunkushe a lungun bango. A rana ta huɗu ina zaune kan tabarma da Goggo, ɗaya ta miƙa ƙafa ta ja yashi baya sau ɗaya, ta tsaya tana duban wurin, ta sake ja. Goggo ta dafa gwiwata ta ce, "Kin gani? Ta tuna." Biyu sun mutu a makon farko, biyu ita da kanta ta sa aka yanka wa baƙi. Takwas ɗin da suka rage yanzu gashi ya rufe su, suna ƙwai har gobe.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Rigakafi. Wannan ne abin da na ce ba za a fitar da ko ɗaya ba sai an yi shi. Hunturu na bakin ƙofa, kuma kowa a garin nan ya san lokacin da ciwon nan ke share unguwa, wanda malaman dabbobi ke kira Niyukasil, wasu kuma su ce fakat. Ƙwayar cuta ce da ba ta da magani in ta shiga. Kafson ja da rawaya da ake zubawa a ruwa ba ya taɓa ta, ɓawon maɗaci da barkono ma ba sa taɓa ta. Na san mata da yawa za su yi mini musu kan maɗaci, Goggo ma ta yi, amma ita ce ta ba ni labarin shekarar da ta wayi gari da kaji uku cikin talatin, alhali maɗaci na cikin kaskon ruwansu.

Malamin dabbobi ya zo da kwalbar a cikin kula da ƙanƙara. Irin wadda ake kira I-2 ce, ta cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924. An fi son ta ga kajin gida don ta fi sauran jure zafi, kuma ba allura ba ce, ɗigo ɗaya ne a ido. Kana riƙe kan kazar a karkace, ka ɗiga, ka jira ta ƙifta ruwan ya shige, sannan ka sake ta. Ya ce sai ta yi mako ɗaya zuwa biyu kafin jiki ya ɗauka, kuma a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Wadda ta riga ta kamu ba a yi mata.

Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajinmu, kuma in an haɗa ta da ruwa ba a ajiyewa. Sai na aika yara gida-gida su ce duk mai kaza ya kawo. Kafin a kira sallar Juma'a zauren Goggo ya cika da yara, kowa da kaza a hammata. Wake-waken a kan ƙwanta muka yi mata, ta sare ni a hannu har ya yi jini, amma ba ta tashi ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Labari ya bazu, masu so sun fi kajin yawa. Mutum goma sha huɗu suka yi magana. Ban amsa wa kowa a bakin ƙofa ba, na ce sai na zo na ga gida.

Abin da nake dubawa ba yawa ne da shi ba. Akwai inda kaza za ta kwana a rufe? Akwai inuwa da ruwa da rana? Gidan ana surfe ko daka, ko kuwa komai sai an sayo? Wa zai kula da su, matar gida ce ko yaran da za su gaji bayan mako ɗaya? Wani gida na shiga, masu kirki ƙwarai, amma kwata ta kwanta a tsakar gida kore shar, ga karnuka biyu a sake. Na yi godiya na fito. Wani kuma mai gidan ya tambaye ni nauyin jajayen kafin ya tambayi komai, ga shi ana shirin suna a gidansa mako mai zuwa. Ba laifi ba ne mutum ya nemi nama, amma kasuwa na nan.

Da na koma na karanta wa Goggo sunayen gidajen da suka kwanta mini. Ta san kowa, har kakanninsu. Ɗaya ta ce a cire, ba ta faɗi dalili ba, na cire.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Goggo ta tafi yau da hantsi. Jiya ta sa aka yanka ƙaramin zakaran aka yi sadaka da shi don marigayi mijinta. Saura ashirin.

Kafin ta shiga mota ta ce a kawo mata kwanon tsaki. Tana dogare da sanda ta watsa, tana kiran su da bakinta irin kiran da na sani tun ina yarinya. Tsohuwar farar, mai ido ɗaya, ta zo har kan ƙafarta ta ci. Ta ce mini, "Wagga ki bar ta sai daga baya. Kar ki ba wanda bai da haƙuri." Yaya ya kau da kai yana gyara igiyar kaya.

Asabar, 16 ga Nuwamba

An fara kaiwa. Kwana takwas ke nan da rigakafi. Da dare muka yi, bayan sun kwanta, cikin kwando da ɓuntun shinkafa a ƙasa, aka rufa da tsohon zane. Ban yarda a ɗaure ƙafa a rataya su kai ƙasa a bayan babur ba.

Huɗu da tsohon zakara sun tafi gidan Inna mai ƙuli-ƙuli, layi biyu daga nan. Mijinta ya rasu shekara biyu, tana riƙe da jikoki uku, kuma gidan da ake suyar gyaɗa kaza ba ta kwana da yunwa. Durgu da shazumama sun tafi wurin wani ɗalibina na aji shida, wanda ya yi kwana uku yana gina akurki da laka da hannunsa, har da 'yar taga. Na yi magana da mahaifiyarsa, ita ce mai riƙo a takarda, shi ne mai aiki.

Kowa na gaya masa abu ɗaya: a rufe su kwana huɗu ko biyar, a ba su ci da ruwa a ciki, su san nan ne gida kafin a sake su. In akwai wasu kaji a gidan kada a haɗa sai an yi mako biyu ana kallon juna ta bayan shinge.

Talata, 19 ga Nuwamba

Uku na gida da jajaye biyu sun tafi ƙauye wajen fadama, gidan 'yar ƙanen marigayi. Ita ta zo da kanta ta ɗauka. Tana da kajinta bakwai. Na tambaye ta ko an yi musu rigakafi, ta ce za a yi. Na bari suka tafi.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Jiya da la'asar na ji ƙaramin kuka daga bayan rumbu. Na durƙusa na leƙa, ga ƙwai ɗaya da 'yar ɓula a gefensa, bakin ɗan tsakon na motsi a ciki. Ban taɓa ba. Yau da asuba na dawo na tarar da bakwai, sun bushe sun yi laushi, kawuna na leƙowa ta ƙarƙashin fiffike. Ƙwai biyu ba su fashe ba, na girgiza ɗaya a kunne na ji ruwa, bara-gurbi ne. Na binne su.

Da dare muka ɗauke ta da 'ya'yanta zuwa gidana. Da ma abin da ya hana a taɓa ta ke nan, kaza mai kwanci in ka sauya mata wuri sau da yawa sai ta yi fushi ta bar ƙwan. Sanyi ya fara sauka, don haka a ɗakin girki na ajiye su cikin babban kwando, nesa da murhu kaɗan. Ruwa a murfin kwano da 'yan tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe. Tsakin gero mai laushi, da dafaffen ƙwai a marmashe.

Na kira Yaya ya miƙa wa Goggo waya. Tambayarta ta farko, "Nawa?" Na ce bakwai. Ta ce, "Akwai baƙi ciki?" Na ce biyu. Ta yi dariya, ta ce na tsohon zakara ne.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Baƙar kazar da ke cikin na Inna mai ƙuli-ƙuli ta dawo. Na je ba wa na gidan Goggo abinci na same ta a bakin akurki tana jiran a buɗe. Ta ƙetare layi biyu da titin da babura ke bi. Na mayar da ita da dare, jiya ta sake dawowa. Inna ta ce a yi mata irin na da, ta ɗaure mata ƙafa ɗaya da tsumma mai laushi a gindin turmi inda ake zubar da dusa, har kwana bakwai. Na ce to, amma igiyar ta yi tsawo ta kai inuwa da ruwa.

Lahadi, 1 ga Disamba

Mummunan labari daga fadama. Jiya da dare 'yar ƙanen marigayi ta kira tana kuka, kaji na mutuwa. Da sassafe na hau babur tare da malamin dabbobi.

Abin da ya faru: mai gidanta ya sayo zakara a kasuwa da araha ya sake shi cikin kaji ranar da ya kawo shi. Kwana biyu zakaran ya mutu. Bayan 'yan kwanaki nata suka fara. Na ga ɗaya da idona a gindin bango, gashi a tashe kamar ta yafa bargo, baki a buɗe tana jan numfashi da ƙara, kashi kore mai ruwa ya ɓata mata baya. Wata kuma wuyanta ya murɗe, kanta na kallon sama, tana zagaye wuri ɗaya. Cikin bakwai ɗinta biyar sun tafi. Cikin na Goggo biyar, jar nan ɗaya ta mutu, wadda da ma ta fi sauran rama. Huɗun suna tsaye suna ci.

Malamin ya ce alamun sun yi kama da Niyukasil, amma ido kaɗai ba ya raba shi da murar tsuntsaye, sai an gwada. Ya ɗauki abin gwaji, ya ce zai kai rahoto ofis, don doka ce a sanar in kaji na mutuwa da yawa haka. Bai ɗauki abin da wasa ba, ga fadama kusa inda tsuntsayen ruwa ke sauka a wannan lokaci. Ya tuna mana cewa murar tsuntsaye mai tsanani, irin wadda ake kira H5N1, a Najeriya aka fara ganinta a duk Afirka, a jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, ta kuma sake dawowa a 2015. Ya sa aka haƙa rami mai zurfi aka binne matattun, ya hana yara taɓa su, ya hana a yanka masu ciwo a ci ko a kai kasuwa. Wannan na ƙarshen shi ya fi yi wa mai gidan wuya, don abin da aka saba ke nan: da an ga kaza ta yi sanyi sai a ruga da sauran kasuwa kafin su faɗi. Ta haka zakaran ma ya iso gidansa.

Ni ma ina da nawa kason. Ta ce mini za a yi, na karɓa, alhali na san a ƙauyensu babu mai kawo rigakafi sai an nema. Da na riƙe kajin mako ɗaya na tura malamin ya yi wa nata, da wataƙila kajinta biyar na nan. Matar nan da su take sayen sabulu da maganin yara. Na je kai mata alheri ban tsaya na kare abin da ke hannunta ba. Tun daga yau, gidan da ba a yi wa kajinsa ba, ba na kai ko gashin kaza.

Da na dawo ban shiga wurin 'yan tsaki ba sai da na cire takalma a waje na wanke su da sabulu, na sauya tufafi, na yi wanka.

Asabar, 7 ga Disamba

Mutuwa ta tsaya a fadama. Nata biyu sun rayu, ɗaya da karkataccen wuya amma tana ci. Ba za a fitar da kaza daga gidan ba, ba za a shigar ba, sai malamin ya ba da izini.

Yanzu saura jajaye shida da Fara a gidan Goggo, kuma jajayen ne masu wuyar wuri. Mutane na ganin girmansu da yawan ƙwansu su yi sha'awa, ba su san ɗawainiyarsu ba. Kazar gida ka sake ta da safe ta nemi rabin abincinta a juji, ta yi maka ƙwai goma ko sha biyu ta kwanta, sau uku ko huɗu a shekara, ta ba ka 'ya'ya. Waɗannan kuwa an cire musu halin kwanci, da wuya ka ga ɗaya ta zauna kan ƙwai, ke nan maganar raba 'ya'ya ba ta taso ba, sai dai a raba ƙwai. Ga guntun baki, ba sa iya tsintar ƙwayar gero ɗaya-ɗaya a ƙasa mai tauri. Goggo a kwano mai zurfi take ba su, dusa da tsaki da ɗan abincin kanti, ta yayyafa ruwa ya yi dam-dam. Tana ƙona ƙashi ta daka musu, tana gasa ɓawon ƙwai ta niƙe ta mayar musu, in ba haka ba sai su riƙa sakin ƙwai mai laushi kamar leda. Ba su kuma san shaho ba, kajin gida na rugawa maɓoya su suna tsaye suna kallon sama.

Na sami wadda ta dace, wata Hajiya da ta yi ritaya daga aikin asibiti. Tana da rumfa mai waya a bayan gida wadda ta taɓa kiwon kajin nama a ciki, wata shida babu komai. An wanke, an zuba sabon ɓuntu. Na gaya mata gaskiya, ƙwansu raguwa zai yi ta yi, ba ƙaruwa ba. Ta ce ta sani, ƙwai biyu a rana ma ya ishe ta da jikarta. Ta ɗauki huɗu. Sharaɗi ɗaya Goggo ta sa, kuma na rubuta shi ga kowa: ranar da aka ga ɗaya ta gama, ko ana bukatar yankawa, a kira ta a gaya mata kafin a sa wuƙa. Ba hanawa za ta yi ba. So take ta sani.

Biyun da suka rage da Fara na kwashe su zuwa gidana, a rumfa dabam da ta wake-wake. Na share akurkin Goggo, na ƙona tsohon ɓuntu, na kulle gida.

Lahadi, 15 ga Disamba

Na je Birnin Kebbi. Na kai wa Yaya makulli, na kai wa Goggo ƙwai goma sha takwas a cikin kwanon dusa don kada su fashe, rabonta daga gidan Hajiya da nawa. Ta ɗan yi ƙiba, matar Yaya na kula da ita sosai, an kuma ba su ranar duba idon. Amma ta ce da asuba takan farka ta lalubi kwanon tsaki.

Na buɗe littafin na karanta mata gida-gida. Ba ta yarda in yi sauri ba. "Durgu fa, mi tac ci?" "Baƙa ta zamna?" Na ce ta zauna, har ta fara ƙwai a bayan turmi. Da na zo kan ta fadama na faɗa mata yadda aka yi, ban rage komai ba. Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Sannan ta ce kajin gida ukun da ke can, duk abin da suka ƙyanƙyashe karon farko a bar wa yarinyar gaba ɗaya, kada a raba, ta mai da asararta. Na rubuta.

Yaya na zaune yana ji. Da zan tafi ya raka ni bakin titi, ya tambaye ni nawa na kashe kan rigakafi da hoda da babur. Na ce ya bari. Ya cusa mini kuɗi a jaka ya ce in ajiye na zagaye na biyu.

Asabar, 28 ga Disamba

Shirwa ta ɗauki ɗan tsako ɗaya ranar Alhamis, ina tsaye da tsintsiya ban kai ba. Saura shida. Yanzu da rana a ƙarƙashin babban kwando suke, sai la'asar nake sakin su ina zaune. Gashin fiffike ya fito musu, biyu sun fara nuna zanko. An yi musu ɗigon ido su ma, tare da na gidan fadama da malamin ya ce yanzu za a iya.

Shazumama ta kwanta kan ƙwai takwas a gidan ɗalibina. Kullum sai ya tare ni a bakin aji ya gaya mini saura kwana nawa.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Fara ta sami wuri. Matar Yaya ce ta yi aikin. Gidan da ke kallon nasu a ƙetaren layi na wata dattijuwa ne, gidan kanta, da tsakar gida ta ƙasa da bishiyar darbejiya. Tana da kaji uku. Na sa aka yi musu rigakafi tun 27 ga Disamba, na jira mako biyu cif.

Yau da asuba na sa ta cikin kwando na riƙe a cinya har Birnin Kebbi. Dattijuwar ta keɓe mata lungu da tsohuwar ƙofar langa-langa. Na nuna mata cewa sai an ajiye kwano ta ɓangaren idonta mai gani, kuma kada a zo mata ta ɗayan gefen ba zato, firgita take yi. Muna cikin haka sai ga Goggo, jikanta na riƙe da hannunta, sanda a ɗaya hannun, sun ƙetaro layi. Aka ajiye mata kujera 'yar tsugunne a inuwar darbejiya. Ta kwance bakin zanenta, ashe tsaki ta ƙullo, ban san inda ta samo shi ba. Ta yi kiran nan. Fara ta karkata kai, ta tako a hankali.

Lissafi zuwa yau: gidan Inna huɗu da zakara, gidan ɗalibi biyu, fadama huɗu, gidan Hajiya huɗu, gidana uku da 'yan tsaki shida, Birnin Kebbi ɗaya. Cikin 'yan tsakin uku na Goggo ne, ta ce macen da ta fi girma a kai wa Inna in ta isa. Rigakafi na biyu na sa shi Asabar 22 ga Fabrairu, kafin a shiga azumi. Na gaya wa malamin ya taho da kwalba biyu, ɗaya ta unguwa, ɗaya ta fadama.